Farantin da ya ci ɗorawar Inna

Shekarun baya, in ka tsaya a bayan garinmu, nan arewa da Kano, ba ka iya hango ƙauyen da ke gaba saboda itatuwa. Ba daji ba ne. Gonaki ne manne da juna, ko taku ɗaya ba a bari ba, amma kowace gona da bishiyoyinta, gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, kuma kowace bishiya an san mai ita kamar yadda aka san mai akuya. Yau in ka tsaya a wurin, bulo za ka gani da kwanon rufi, da 'yan adaidaita sahu suna sauke ma'aikata daga birni. Makon jiya na ziyarci wata jikata da ta haihu, na ga ta murɗa kan tukunyar gas ta ɗora ruwan wanka, ko waiwaye ba ta yi ba ta ci gaba da hira. Shi ya tuna mini da abin da zan ba ku yau. Na daɗe ina ajiye shi.

Na bar gida da ƙuruciya. Karatu ya kai ni Jamus, aiki ya kai ni Masar da Sudan da Indiya, na dawo da harsuna huɗu a baki da wani irin yarda da kai wanda yanzu nake jin kunyarsa. A Jamus shekara shida na yi ina aiki a ɗakin gwaji, a sashen da ke neman yadda za a ƙona iskar gas ba tare da harshen wuta ba. Bari in yi bayani a taƙaice, domin labarin a kansa ya rataya. Abin da ke ci a cikin iskar gas shi masana ke kira metan. Akwai kuma wani ƙarfe mai tsada, fari kamar azurfa, sunansa faladiyam. In aka shafa ƙurarsa a jikin farantin yumɓu mai huji-huji kamar saƙar zuma, aka ɗumama farantin, aka bi da gas ta ciki, sai gas ɗin ya haɗu da iskar da muke shaƙa ya ƙone shiru. Ba harshe, ba hayaƙi, sai zafi. Shi ƙarfen ba ya ƙarewa. Aikinsa irin na dillali ne: ya haɗa mutum biyu a zaurensa, su gama su tashi, wasu su shigo. Ranar da zan bar ƙasar, malamina ya ba ni irin wannan faranti guda ɗaya, faɗinsa kamar faifai, ya ce in tuna da su.

Rasuwar mahaifina ce ta dawo da ni gida, a shekarun da fari ya yi ta bin juna. Wanda bai ga lokacin ba, da wuya ya gane. Gero bai yi ba, karan ma gajere, aka ba dabbobi don kada su mutu. Kananzir sai a birni, sai an bi layi, wani lokaci a kai gaba a ce ya ƙare. Mata suka koma ƙona kashin shanu da ganye, abin da a da ake kai wa gona a mangala. Mutane suka fara kallon bishiyoyinsu da wani ido daban. Kowane wata sai ka ji gatari a wata gona.

A gonarmu ta bayan gida akwai ɗorawa guda, mutum uku ba sa kewaye gindinta da hannu. Ta mahaifiyata ce, mahaifina ya ba ta tun tana amarya, a gaban shaidu. Da kalwarta take yin daddawar da mata ke zuwa nema daga ƙauyuka uku. A shekarar da yunwa ta fi tsanani, garin ɗorawar nan aka riƙa damawa ana ba yaran gidanmu da na maƙwabta, kuma babu wanda muka binne. Inna ba ta cika magana a kanta ba, amma in ta fita gona sai ta dafa gindinta kafin ta wuce.

Ni ne ɗanta na fari. Kun san al'adarmu, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai wanda za ta bi ta kansa. Ina zaune a gabanta za ta dubi ƙanena ta ce, "Ka ce wa yayanka tuwo na hucewa." Na zauna da Larabawa da Turawa da Indiyawa, ban ga inda uwa ke ɓoye soyayya irin haka ba, kuma ban ga inda take da nauyi irin haka ba.

To, matar ƙanena tana da ciki na uku, don haka a gidanmu za ta yi jego, Inna ce za ta yi mata wanka. Wankan jego a lokacin ba abin wasa ba ne. Kwana arba'in, safe da yamma, babbar tukunya ta tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego. Itacen kuwa a wuyan miji yake, kuma namijin kirki tun ciki na wata shida yake fara tarawa. Ƙanena ya duba, babu inda zai samo. Shi da Inna suka yi shawara: bayan an gama tsinkar 'ya'yan ɗorawa a bazara, za a sare reshe ɗaya, na gabas, wanda dama yake yi wa gero inuwa. A faskara shi ya bushe kafin damina, a jera a rumfa. Da shi da ɗan karan da aka adana, za a kai arba'in.

Ni kuma a lokacin na riga na haƙa rami a bayan turken dabbobi, irin wanda na gani a ƙauyukan Indiya. Ana zuba kashin dabbobi da ruwa, a kife da rabin duro, abin ya ruɓe ya ba da gas, takin kuma ya fito a kai gona. Dabbobinmu kaɗan ne, gas ɗin ba shi da ƙarfi, in ka kunna masa ashana harshen ya yi ta rawa ya mutu. Sai na tuna da farantina. Na ja roba daga ramin, maƙerin garinmu ya yi mini mazauni, na ɗumama farantin a kan garwashi na ɗora. Tsakiyar bazara ce, iska a bushe ƙamas, ƙasa na ƙona ƙafa. Na ɗora tukunya. Rabin unguwa na tsaye. Ruwa ya tafasa, babu wuta, babu hayaƙi. Wani dattijo ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tukunyar ya ce, "La'ilaha illallahu! Malam, ina wutar?" Na ce tana nan, kunya take ji. Aka yi dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Washegari na ga ƙanena yana wasa gatari.

Na ce, "Ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Reshen nan mana, Yaya. Lokaci na tafiya."

"Ajiye shi. Ba ka ga abin da aka yi jiya ba?"

"Na gani. Amma reshe ɗaya ne fa. Zai sake tsirowa."

"Ko ganye ba za a taɓa ba. Bishiyar da ta ciyar da mu? Ruwan wanka a kaina yake, kwana arba'in ɗin duka."

Ya shafa bakin gatarin da yatsa, sannan ya ce, "Bature, in abin naka ya yi gardama fa? Mai jego ba ta jin Jamusanci."

Na ce masa ƙarfe ba ya gardama, mutum ne ke yi. Har na ƙara da cewa likitoci ma ba sa son ruwan ya yi zafi da yawa, ana iya ragewa. Inna tana tsakar gida tana bakace, ba ta ɗago ba ta ce wa ƙanena, "Tambaye shi, shi da aka haife shi, da ruwan randa aka yi?" Na bar wannan maganar. A Sudan na ga mata na zama a kan hayaƙi, a Indiya na ga ana gasa musu jiki da mai da ruwan zafi. Kowace al'umma da yadda take ɗumama mai haihuwa, ba ni zan sauya tamu a wata uku ba. Amma a kan reshen na kafe. Ni ne babba, na yi karatu, kuma a ganinsu don Inna nake yi. Aka rataye gatari.

Sai Allah Ya kawo damina irin wadda aka shekara da shekaru ana roƙo. Ruwa ya sauka, gero ya yi baƙi ƙirin don kyau. Da aka shiga marka sai aka yi kwanaki ba a ga rana ba. Tabarma ta yi danshi, gishiri ya narke a kwano, bango na zufa. A cikin wannan ne matar ƙanena ta sauka, mace, lafiya lau.

Ranar farko farantin ya yi aiki, sai dai ruwan ya daɗe kafin ya tafasa. Na ce sanyin gari ne. Rana ta biyu ya yi zafi bai tafasa ba, Inna ta ƙarasa da kara. Rana ta uku ɗumi kawai. Rana ta huɗu na sa tafin hannuna a kan farantin, kamar na taɓa dutse a inuwa, gas na wucewa ta cikinsa yana fita da warinsa ba abin da ya same shi. Karan da aka adana don taimakon itace ya ƙare a kwana uku, tunda shi kaɗai ke aiki. Inna ta fara zare dangar bayan gida, ita ma a jiƙe, hayaƙi kawai take yi. Aka faskara wani tsohon turmi da ya tsage. Mai jego kuma ta fara zazzaɓi da rawar ɗari. Ban san ko wankan ne ko sauro ba, har yau ban sani ba. Amma a gidan babu mai shakka, kuma dangin matar na hanya domin suna.

Na kwance abin na ɗaura ya fi sau goma. Na duba roba, na duba rami, na zargi maƙeri a zuciyata, Allah Ya yafe mini. Inna ce ta gano. A rana ta biyar da hantsi, bayan an sauke kunun kanwa, ta ɗauki farantin da na yar a gefe, ta binne shi a tokar murhu mai zafi, kamar yadda take yi wa ashana in ta sha raɓa ta ɗora a gefen murhu. Bayan azahar ta tono shi ta ajiye inda zan gani. Na karkaɗe, na ɗora. Ya kama. Zafi ya taso har na janye hannu. Na ɗora tukunya ina murna, amma kafin la'asar ya fara ja da baya, ya mutu.

Inna ta ce wa ƙanena, "Abin nan na yayanka ashana ne. Raɓa ce ba ya so." Ta ƙara da cewa, "Can inda aka yi shi, ba a ruwa ne?"

Na kwanta rubda ciki na leƙa ƙarƙashin tukunyar. Gindinta ya yi gumi, ɗigo-ɗigo, yana sauka a kan farantin. A nan na tuna da wata kwalba. A ɗakin gwajinmu, tsakanin tukunyar gas da faranti, akwai doguwar kwalba cike da wasu 'yan ƙwayoyi masu shanye danshi. Ni nake canza su duk mako, shekara shida. Na ɗauke su cikin aikin shara da goge tebur. Malamina ya sha gaya mana cewa ruwa na danne wannan ƙarfe, na ma rubuta a littafi, amma ban taɓa ganin abin da idona ba, domin ba a taɓa barin danshi ya isa wurin ba.

Abin da ke faruwa shi ne, ruwa na son zauren dillalin nan fiye da yadda gas ke sonsa. In ya shiga sai ya shimfiɗa tabarma ya ƙi tashi, gas ya zo ya tarar babu wurin zama ya wuce. In farantin ya yi zafi ƙwarai, zafin na korar ruwan. Nawa kuwa da gas mai rauni yake aiki, bai taɓa kai wannan zafin ba. Kuma ruwa ta hanya uku yake zuwar masa. Gas ɗin ramin a jiƙe yake fitowa, tunda daga cikin ruwa ya taso. Iskar marka a jiƙe take. Na ukun shi ya fi ba ni haushi, domin duk ɗalibin shekarar farko ya san shi: metan in ya ƙone, ruwa yake haifarwa. Wato ko da na tare ƙofa biyu, baƙon a cikin gida ake haihuwarsa. A bazara zafin gari da bushewar iska suka rufa mini asiri, na ɗauka gwaninta ce.

Na cika gwangwani da gawayi da ƙonanniyar farar ƙasa na bi da gas ta ciki don ya bushe. Ya taimaka na rabin yini. Na cire farantin gaba ɗaya na koma ga ashana, sai na tarar ramin ma ya yi sanyi saboda ruwan sama, gas ɗin da yake bayarwa bai kai ya dafa shayi ba.

A rana ta shida ƙanena ya ɗauki sanda ya tafi garin da ke gaba, wurin wani mai itace da ke kai wa gidajen burodi a birni. Shi kaɗai ke da busasshen itace a rufe a duk yankin. Suka dawo tare da azahar. Mutumin ya gaida Inna da ladabi, ya yi barka, ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, musaya zai yi. Zai kawo busasshe har a gama arba'in, in kaka ta yi ya zo ya ɗauki ɗorawar.

Ƙanena ya ce, "Reshe biyu, Alhaji. Na gabas da na kudu. Ai sun fi abin da za ka kawo."

Ya ce, "Ɗan'uwa, ɗanye zan karɓa in ba da busasshe, a tsakiyar marka, kuma in jira wata uku. Da a bazara kuka zo, da ko ni ba ku nema ba." Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba yanzu. Gaskiya ya faɗa.

Bishiya ta Inna ce, magana tata ce. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin mai jego, muna durƙushe. Ta tambayi ƙanena kwana nawa ya rage. Ya ce talatin da huɗu. Ta ce, "A kawo itacen."

Na ce, "Inna, a ba ni kwana uku. Na gano matsalar. In na samo abin busar da gas a birni..."

Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido. Ban tuna ranar da ta yi haka ba kafin nan. Ta ce, "Kai. Yarinyar mutane na rawar ɗari a ɗakin nan. Bishiya ba ta rawar ɗari." Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Ka yi iya yinka, na gani. Tashi ka taya su sauke itace."

Na tashi. Jakuna huɗu suka zo kafin magariba, na sauke da hannuna. Aka yi suna cikin rufin asiri, tukunya na tafasa safe da yamma, zazzaɓin ya sauka bayan an kai mai jegon asibitin sha-ka-tafi an ba ta magani. Aka gama arba'in lafiya.

Bayan an yanke gero masu gatari suka zo, su biyar. Tun da safe Inna ta yafa mayafi ta ce za ta gaida ƙanwarta a wani ƙauye, ba ta dawo ba sai da aka kwana huɗu. Ni na tsaya. Na ga ya kamata wani ya tsaya, kuma ni ya fi cancanta. Kwana uku suka yi. Da ta faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin gida, sai ga ƙauyen gaba a fili, har rumbunansu ana gani. Ƙanena yana gefena, bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Da Inna ta dawo, ta ƙofar gaba ta shigo, kuma daga ranar in za ta gona sai ta zagaya ta wata hanya.

Na yi shekaru ina juya abin. Ƙarfen bai yi mini ƙarya ba, yadda Allah Ya halicce shi haka ya yi. Ina jin har yanzu masu bincike na fama da wannan danshin, musamman a salansar motocin da ke aiki da gas, inda ake sa faladiyam ya ƙone ragowar metan, hayaƙin kuma cike yake da tururi. In na ji haka sai in yi murmushi, in ce tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta gano wannan da tokar murhu. Kuskurena ba rashin sani ba ne. Na gwada abu a yanayi ɗaya na yi rantsuwa a kan shekara duka, kuma abin da na jingina ba nawa ba ne. Ƙanena da Inna sun san reshe ɗaya ake bayarwa a tsira da gindi, haka iyayensu suka yi ta yi da bishiyoyin nan. Ni na zo da son bishiyar fiye da kowa a baki, na hana a taɓa ta.

Jaririyar nan ita ce mahaifiyar jikar tawa da na gaya muku a farko. Ba ta san labarin ba sai ta karanta shi a nan. Farantin yana nan a kan kantar littattafaina, a busasshen wuri. Inna ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko ta kan ƙanena. Akwai ƙwaryar kalwa da ta rage mata daga tsinkar ƙarshe, ta dafa ta a wannan kakar, ta raba wa maƙwabta ba ta sayar ba. Daga nan ba a sake dafa kalwa a gidanmu ba. Daddawar miyarmu a kasuwa aka riƙa sayowa har ta rasu.